Tarin Asuba na Tsohuwar Motata

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya a garejin Malam Hassan da ke Yelwa ba. Ko na yi niyyar mantawa, akwai waɗanda suka ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Ni mutumin ruwa ne. A bakin gulbi aka haife ni, can wajen Ngaski, kuma tun ban iya ɗaura wando ba nake cikin jirgi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na sani shi ne injin jirgi, wanda ake ratayawa a bayan kwalekwale, a ja igiya ya tashi. Shi kam ko a rufe mini ido zan kwance shi in ɗaura. Da shi na yi ta jigilar mutane da kifi da buhunan albasa tsakanin tsibirai da Wara har gemuna ya fara fari.

Sai wata rana muka hau kan kututture. (Ga wanda bai san tafkin nan ba, akwai itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka yi dam. Suna nan tsaye a ƙasa. Ba ka ganinsu, sai dai ka ji su.) Jirgi ya tsage. Mu da yawa muka shiga, ba duka muka fito ba. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan.

Da na warke, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma muryarta tana nan yadda na san ta. Ta ce, "Gulbi ya ɗauki ubanka, ya ɗauki ƙanenka. Kai ba zai samu ba. In ka sake taka jirgi ban yafe ba."

Ban yi musu ba. Gaskiya ni ma ruwan ya fita raina. Ko wanka nake yi, in na kwara ruwa a ka sai ƙirjina ya buga.

Na sayar da abin da ya rage mini, taru da koma na kamun kifi da wani tsohon inji da na ajiye, na haɗa da gonar fadama guda. Mamman, ɗan kawuna, direba ne a hanyar Yelwa zuwa Wara. Taubashina ne, wato duk abin da ya ga dama zai faɗa mini, ni kuma dole in haɗiye. Shi ya nemo mini wata tsohuwar mota mai dogon baya, wadda ta girmi babbar 'yata, ƙofar bayanta ma da igiya ake ɗaurewa. Shi kuma ya koya mini tuƙi a filin ƙwallon ƙauyenmu, yana ihu, "Ba jirgi ba ne, Sarkin Ruwa! Wannan tana da birki, ka taka!"

Aikina ya zama ɗaukar kifin banda daga bakin ruwa zuwa kasuwar Yelwa. Da an idar da sallar asuba ake loda kwalaye, don masu saro kifi ba sa jiran kowa. Na riƙe motar nan da amana. Ina wanke ta, ina duba ruwanta, ba na barin kowa ya zauna mata a bonet. Fetur ma ban yarda da sakaci ba. Ba mu da gidan mai a ƙauye, a jarka nake saye wurin Audu mai fetur a bakin ruwa, inda duk masu jirage suke saye, in kai gida in shirya shi da kaina, sannan in zuba.

Da farko lafiya lau. Daga baya ta tsiro da wani hali. Da asuba in na murɗa makulli za ta tashi, amma sai ta kama tari. Duk jikinta ya ɗauki rawa, sitiyari yana kaɗawa a hannuna, inji yana bugawa yana tsallakewa kamar jaki mai ɗingishi. In na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Ga hayaƙi shuɗi-shuɗi daga salansa, har kajin maƙwabta suna watsewa. Sai na yi ta ba ta wuta, ta ɗauki zafi, sannan ta ware. Da ta ware kuwa shi ke nan, har yamma ba za ka ji ko ƙis ba.

Na kai ta wurin Malam Hassan. Bakanike ne dattijo, ba ya son yawan magana, shi ya sa jininmu ya haɗu. Matsalar ita ce, kafin in iso Yelwa daga ƙauye ta riga ta yi zafi. Ya tayar da ita, ta tashi sumul, tana ƙara mai daɗi kamar amarya tana gaida surukai. Ya dube ni, ya dubi mota.

"Wannan ce marar lafiyar?"

"Ita ce."

"To ta fi ni lafiya."

Na kwaikwaya masa tarin da bakina. (A gaban mutane, da gemuna. Wannan ma kaɗai abin kunya ne, amma ba shi ne labarin ba.) Ya ce abin da nake nufi su misin suke ce masa, wato wani ɗaki daga cikin ɗakuna huɗu na injin ba ya kama wuta. Ya canza mata fulogi, ya yi mata juyen baƙin mai, ya sallame ni.

Ta yi 'yan kwanaki tana tashi lafiya. Sai tari ya dawo. Na yi mata duk abin da na san ana yi wa inji, har na ƙara mata kulawa fiye da da. Maimakon sauƙi sai abin ya ƙaru. Yanzu har rana ta fito ina tsakar gida ina fama, masu kifi suna tsaye da kwalayensu suna kallona. Ɗaya bayan ɗaya suka fara sulalewa zuwa wata motar. Ban ga laifinsu ba. Kifi ba ya jiran mota ta gama tari.

A cikin wannan hali wani Alhaji mai jirage ya aiko mini cewa yana neman direban jirgi, kuma ni ya fi so. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ban kuma gaya wa Inna ba. Ina da bakunan da zan ciyar, ba ni da sauran abin sayarwa. In injin motar nan ya mutu, hanya ɗaya ce ta rage, ita ce wadda aka ce in na bi ba a yafe ba.

Na koma wurin Malam Hassan. Ya ce, "Ciwon safe da safe ake ganinsa. Bar ta nan ta kwana. Gobe in an fito masallaci ka zo, kuma kada kowa ya taɓa makullinta kafin ni."

Na bar ta, na kwana gidan Mamman a nan Yelwa. Da safe ya ce zai raka ni. Ya kamata in hana shi. Ban hana ba, don a raina ina so ya tsaya ya ga irin gawar da ya nemo mini. A hanya ma sai da na faɗa masa. Ya ce, "Mota lafiyarta ƙalau na ba ka. Tsoronka take ji, tana ganin wata rana za ka tsallaka gulbi da ita."

Garejin yana kusa da tasha, ga mai shayi a gefe. Saboda haka kafin mu iso akwai direbobi da 'yan kabu-kabu a kan benci, kowa da kofinsa, babu wanda yake da aikin yi sai kallo. Malam Hassan ya fito, ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya tabbatar ta yi sanyi. Ya ce in tayar.

Na murɗa. Allah ya taimake ni ba ta ba ni kunya ba a wannan karon. Ta yi tarin da ba ta taɓa yi ba, ta turnuƙe mai shayi da hayaƙi har ya rufe tukunyarsa. Na fito ina jin daɗi kamar wanda ya ci shari'a.

Malam Hassan ya matso. Ya ɗauki filaya, ya riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Ya bayyana mini cewa in ka zare wayar ɗakin da yake aiki, ƙarar inji za ta faɗi. In ka zare ta wanda ya mutu, babu abin da zai canza. Ya zare ta uku, babu canji. Ya ce ga shi nan. Can kuma ya sake gwadawa, sai na ukun ya kama, na ɗaya ya saki. Ya ɗaure fuska.

"Ciwon yawo yake yi," ya ce.

Ya kashe ta. Ya buɗe murfin da wayoyin suke fitowa, ya duba ko ya tsage, don ya ce motocin bakin ruwa raɓa takan shiga nan ta hana wuta wucewa sai inji ya yi zafi ya busar da ita. Murfin ƙalau, a bushe. Ya buɗe lagireto, ruwa yana nan cike, ba ya raguwa, ke nan ba ruwa ne yake zurarewa cikin inji ba. Sai ya kwance fulogin duka huɗu ya jera su a kan tsumma.

Baƙi ƙirin, kowanne yana naso da maiƙo.

"Sababbin da na sa maka ne waɗannan?"

"Su ne."

Ya ɗauki ɗaya yana jujjuya shi a hannunsa. Wani direba daga kan benci ya ce, "Ringi ne. Inji ya gama." Wani ya ce, "Sai an sauke shi." Malam Hassan bai musa ba. Ya ce in baƙin mai yana hawowa har ya jiƙa fulogi haka, yawanci ringin fistin ne suka cinye, kuma gyaransu sai an buɗe inji gaba ɗaya.

Ban san lokacin da na zauna a kan wata tsohuwar taya ba. Ina kallon fulogin nan huɗu, abin da nake gani shi ne ni a bayan jirgin Alhaji da igiyar inji a hannu, da kuma yadda zan shiga ɗakin Inna in yi bayani. Mamman ma ya daina wasa. Ya zo ya tsaya kusa da ni.

Sai Malam Hassan ya zaro gejin baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya ɗaga shi sama yana kallo.

"Yaushe rabonka da ƙara mata baƙin mai?"

Na ce, "Ta nan ƙasa? Tun juyen da ka yi mata ban ƙara ba."

(Ku lura da abin da na ce. Shi bai lura ba. Da ya lura, da an gama maganar a tsakaninmu mu biyu, cikin rufin asiri.)

Ya ce, "Motar da take shan baƙin mai gejinta sauka yake yi. Wannan yana nan inda na bar shi." Ya toshe ramin fulogi da babban yatsansa, ya ce Mamman ya murɗa makulli. Iska ta ture yatsan da ƙarfi, fus! Ya gwada sauran ukun, duk haka. Ya ce, "Injin da ringinsa ya mutu ba ya ture hannu haka. Wannan yana da ƙarfinsa." Ya tsaya riƙe da ƙugu. "To maiƙon nan daga ina yake zuwa?"

Can sai ya sunkuya ya zare tiyon da yake kawo fetur zuwa kafireta, ya tsiyaya kaɗan a tafin hannunsa. Ya sansana. Ya hura masa iska. Fetur ya tashi, ya bar masa hannu yana sheƙi. Ya murza da yatsa, ya nuna wa mutane.

"Ina kake shan mai?"

"Wurin Audu, a bakin ruwa."

Nan take benci ya ɗauka. Wannan ya ce 'yan bumburutu ba su da tsoron Allah. Wancan ya ce ya san Audun, dama idonsa bai yi masa ba. Wani ɗan kabu-kabu ya ce a tafi yanzu a kamo shi. Ni kuwa akwai abin da ba na iya jurewa, a ci naman mutum a gabana alhali na san bai yi ba. Na miƙe daga kan taya.

Na ce, "Ku bar Audu. Audu tsantsa yake ba ni, ina tsaye yake aunawa. Ni ba na yarda da haɗin kowa. Haɗina da hannuna nake yi."

Malam Hassan ya juyo a hankali. "Mi kac ce?"

"Na ce ni nake haɗawa."

"Haɗa mi da mi?"

A nan ne ya kamata in ji a jikina. Ban ji ba. Sai ma na ga dama ta samu in nuna wa mutanen tudu cewa mu ma mun san inji. Na zagaya bayan mota, na kwance igiyar ƙofa, na ɗauko galan ɗin baƙin mai da gwangwanin madarar da nake awo da shi tun ina kan ruwa. Na ɗaga gwangwanin sama yadda kowa zai gani. Na yi musu bayani dalla-dalla, ni da ba na son magana. Na ce kowace jarka da awonta. Na ce ba a zuba wa inji fetur tsurarsa, ƙonewa yake yi, duk wanda ya san inji ya san haka. Na ce sai ka zuba baƙin mai a jarkar fetur ka girgiza sosai har launi ya juya. Sannan na rufe da abin da ya ƙarasa ni. Na ce, "Da ta fara tarin nan ma na gane bushewa take yi, sai na ninka mata awon."

Ka san irin shirun da ake yi in liman ya yi kuskure a karatu, kowa yana jiran wani ya fara gyarawa? To irinsa aka yi. Ina tsaye da gwangwani a sama. Mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu.

Mamman ne ya fara. Ba dariya ya yi ba, wani kuka ya yi kamar an taka akuya, ya durƙushe, ya kwanta a ƙasar gareji da farar rigarsa yana dukan ƙasa. Daga nan benci ya fashe. Wani shayi ya sarƙe shi. Wani ya tashi da gudu ya nufi tasha don ya kira waɗanda ba su gani ba.

"Jirgi ya mayar da ita!" Mamman yana faɗa yana haki. "Wallahi jirgi ya mayar da ita! Sarkin Ruwa, ina igiyar da kake ja ta tashi? Ina filafilin?"

Malam Hassan ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya juya baya kamar yana neman sifana, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa sai ya zo ya karɓi gwangwanin daga hannuna, ya ajiye shi a hankali a kan bonet. Ya ce, "Malam, injin jirgi ba shi da tukunyar baƙin mai, shi ya sa ake haɗa masa a cikin fetur. Mota tana da tata a ƙasa, ita take shafe kanta da kanta. Wanda kake zubawa a tanki ba ya ƙonewa in inji yana da sanyi, sai ya kwanta a bakin fulogi ya kashe wuta. In ta yi zafi ta ƙone shi, shi ya sa take warewa."

Na ce, "Na ɗauka wancan na ƙasa ne, wannan na sama."

Bai kamata in faɗi wannan ba. Waɗanda suka fara tsagaitawa suka sake fashewa da dariya.

Kunya dai na ji ta, har cikin ƙashi. Mutum ya yi shekara da shekaru ana kawo masa inji daga tsibirai ya gyara, yau ga shi 'yan kabu-kabu sa'annin 'ya'yansa suna nuna shi da yatsa. Amma akwai abin da ya fi kunyar damuna. Na matsa kusa da Malam Hassan na yi ƙasa da murya.

"Injin ya mutu?"

"Bai mutu ba."

"Ba sai an sauke shi ba?"

"Babu abin da za a sauke sai tanki. A zubar da wanga haɗi naka, a wanke kafireta, a goge fulogi. Shi ke nan."

Na sake tambaya, ya sake faɗa. Sai na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, wanda na daɗe ina ɗauke da shi. Na koma kan tayar nan na zauna. Ina kallon Mamman yana birgima, sai na ji ni ma bakina yana motsi. Rabona da dariya tun kafin kututture. A ranar na yi, har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Kafin azahar aka gama. Fetur ɗin da aka tsiyaye na ba wani mai jirgi ɗan ƙauyenmu da ya zo sayen kaya. Daga baya ya aiko a gaya mini cewa haɗin ya yi kauri, ko jirginsa sai da ya yi tari. Wato ko a aikin da na iya ɗin ma na zarce.

Washegari da asuba na murɗa makulli a tsakar gida. Ta tashi bugu ɗaya. Na ɗaga ƙafa daga totur, ta ci gaba da bugawa a hankali, daidai, babu rawa, babu hayaƙi. Na daɗe a zaune ina saurare. Daga nan na aika wa Alhaji mai jirage cewa na gode, ya nemi wani.

Labari kuwa ya riga ni isa gida, don Mamman bai jira mota ba, ta waya ya raba shi. Na shiga gaida Inna, na tarar an riga an ba ta da ƙari. Ta ce, "An ce ka yi abin kunya a Yelwa."

Na ce, "Na yi, Inna."

"Motar za ta tashi?"

"Ta ma tashi."

Ta ce, "To su yi ta dariya har haƙoransu su zube."

Abin da na koya ba shi da yawa. Sanin da ya riƙe ka a wani wuri, in ka ɗauke shi ka kai wani wurin ba tare da tambaya ba, shi ne zai kwantar da kai. Kuma in za ka yi wa bakanike bayanin yadda kake kula da motarka, ja shi gefe, kada ka bari sai mai shayi ya tara jama'a.

Yanzu daga tashar Yelwa har Wara ba wanda yake kirana da sunan da ubana ya raɗa mini. Mai Haɗi suke ce mini. Yara ma da ba su san mafarin abin ba haka suke kira. Ina amsawa, har in ɗaga hannu. Na taɓa jin yadda ake kiran sunan mutum a kan ruwa, ana kira ba ya amsawa. Wannan na tudu, ko da dariya aka haɗa shi, ya fi mini.